Matar da Auta ta Aiko

A gidansu babu wanda ya kai Auta tsoro. Tun tana ƙarama, in ƙadangare ya faɗo daga kan katanga sai ta ƙwalla ihu kamar an zare mata rai. In an aike ta ɗakin ajiya kuwa, sai ta tsaya a bakin ƙofa tana rera waƙa da ƙarfi, wai don abin da ke ciki ya san da zuwanta ya kauce. Yayanta, wanda daga shi sai ita a gidan, ya mai da tsorata ta sana'a. Ya laɓe a bayan labule, ya lulluɓa da zanen gado, ya yi mata gurnani ta taga. Mafakarta ɗaya ce, ƙarƙashin keken ɗinkin Inna. Inna tela ce, a falo take aiki, kuma ko Auta ta shige tsakanin ƙafafunta ba ta fasa taka keken. Sai dai ta ce, "Rabu da shi, ranar da na kama shi sai na ɗinke masa baki."

Shi ya sa dangi suka yi ta mamaki da wannan farar kura ta girma ta zaɓi labaran ban tsoro a matsayin abin da za ta ƙare rayuwarta tana nazari. Abin ya samo asali ne a sakandare, lokacin da wata ƙawarta ta ara mata wani littafi da bangonsa ya yage, labarin wani gida da ake jin takun sawu a cikinsa. Ta karanta jikinta na ɓari, ta rantse ba za ta ƙara ba, washegari ta sake ɗauka. A karatu na biyu ne ta lura da wani abu. Ta ga inda marubucin ya ja labarin a hankali, da inda ya ƙi faɗin abin da ke bayan ƙofa, da inda ya sa mai karatu ya saki jiki kafin ya dame shi. Kamar dai yadda Inna ke juya riga ta duba ɗinkin ta ciki. Tsoron bai tafi ba, amma ta gano cewa hannun mutum ne ya haɗa shi, kuma ana iya bin zaren a ga inda aka ƙulla.

A jami'a ta karanci adabi. Wasu malamanta suka ce wannan ai ba adabi ba ne, kayan razana yara ne, ta nemi abin kirki ta yi bincike a kai. Ta ƙi. Daga baya ta samu aikin koyarwa a wata kwaleji, aka ba ta ofis a ƙarshen baranda kusa da ɗakin da ake jibge karyayyun kujeru. Ofishin ƙarami ne, fankarsa na kuka kamar tana jin ciwo, kantocinsa cike da littattafai masu hoton kabari da idanu jajaye. Mai shara takan juya su su fuskanci bango kafin ta fara aiki. Ɗalibai suka laƙaba mata Malama Fatalwa, ita kuwa ko kyankyaso ya gifta a aji sai ta haye kan dakalin allo. Ta yi aure, auren bai daɗe ba. Yaya yakan ce mijin gajiya ya yi da kwana da fitila a kunne.

Ajinta yakan cika har da waɗanda ba su yi rajistar darasin ba. Abin da take koya musu shi ne yadda abin tsoro ya yi ta matsowa kusa da mutum. A tsofaffin labarai, in ji ta, yana can nesa, a daji ko kufai ko maƙabarta, sai wanda ya kai kansa. Daga baya marubuta suka shigo da shi birni, suka sa shi a ɗakin gwaje-gwaje da cikin injuna. Sannan ya shigo gida ya zauna a falo. A ƙarshe ya shige cikin kan mutum, ta yadda mai ba da labarin ma ba a san ko za a yarda da shi ba. Takan ce, "Ku lura, da can dodo yana da ƙaho da farata. Yanzu sallama yake yi, ya tambaye ka ya aiki." Ɗalibai su yi dariya, wasu su waiga su dubi na kusa da su.

Bayan rasuwar Baba ta ɗauko Inna ta dawo da ita wurinta, a wani gidan bene inda take da ɗaki biyu da falo a hawa na sama. Aka ajiye keken ɗinki a gindin taga. Inna ta tsufa amma hannunta bai mutu ba, tana rage wa maƙwabta tsawon wando, tana sa maɓalli. Sun yi shekaru a haka lafiya lau. Mantuwa ta fara shigowa kaɗan-kaɗan, a sa gishiri sau biyu, a nemi tabarau alhali yana kan hanci. Auta ta ɗauka tsufa ne kawai.

Wata rana da la'asar ta dawo daga aiki, ta yi sallama, ta jefar da jaka a kan kujera.

"Inna, sannu da gida. Wash! Yau yaran nan sun kusa kashe ni da surutu."

Inna na zaune a gaban keke, hannuwanta a kan cinya. Ta amsa sallamar da muryar da take yi wa baƙi.

"Sannu, baiwar Allah. Wa kike nema?"

Auta ta yi dariya. "Kai, Inna! Yau kuma da wasan da aka tashi ke nan?"

Inna ba ta yi dariya ba. Ta dube ta daga sama har ƙasa, irin kallon da take yi wa mai kawo ɗinki kafin ta ɗauko abin awo.

"Har dariyar an koya miki," ta ce a hankali. "To ina kuka kai ta?"

Auta ta matso kusa da ita. Ta durƙusa ta nuna mata tabon da ke gwiwarta, ta tuna mata ranar da ta faɗo daga kan tebur, ta faɗi sunan da Baba ke kiranta da shi wanda ba kowa ya sani ba. Inna na saurare tana gyaɗa kai, tana ja da baya da kujerarta.

"Lallai an faɗa miki komai," ta ce. Ta tashi ta shige ɗakinta, Auta ta ji ana jan akwati ana tokare ƙofa.

Da safe Inna ta fito garau, ta haɗa shayi, ta yi mata faɗan barin takalmi a tsakar falo. Auta ta fara sakin ajiyar zuciya ke nan, sai Inna ta sunkuyo ta rage murya.

"Auta, jiya wata mata ta shigo gidan nan. Kamarku ɗaya sak, har tabon. Ki riƙa kulle ƙofa."

Auta ta ajiye kofin shayin ba ta sha ba.

Ta kira Yaya, wanda yanzu ke da shagon gyaran firji da iyali cike da gida. Ya ƙyalƙyale da dariya. "Littattafan nan naki ne suka fara tambayar ki. Inna lafiyarta ƙalau, jiya ma mun yi waya." Da ya zo ƙarshen mako Inna ta gane shi sarai, ta tambayi matarsa da yara ɗaya bayan ɗaya. Ya tafi yana tsokanar Auta.

Amma matar ta ci gaba da zuwa. Da farko jefi-jefi, daga baya kusan kullum, har ya zama ranakun da Inna ke ganin Auta a fuskar Auta sun fi ƙaranci. Inna ta daina cin abinci sai ta ga an ɗanɗana a gabanta. Ta daina sa takalmi a cikin gida, saboda haka ba a jin tafiyarta. Auta na yanka albasa a kicin sai ta ji kamar ana kallon ƙeyarta, ta waiga ta ga Inna tsaye a bakin ƙofa, ba ta ƙifta ido, ba a san tun yaushe take wurin ba. Ba ta zagi, ba ta ɗaga murya. Ladabin ne ma ya fi tayar da hankali. "Sannu da aiki, baiwar Allah," sai ta juya. Auta ta koma zama da bayanta a jikin bango a cikin gidanta. A bakin ƙofa takan daɗe riƙe da makulli, tana sauraren motsin ciki, tana tunanin wace ce za a ce ta shigo yau.

Ran wata Asabar da rana tsaka, bayan ta gama duba takardun jarrabawa, barci ya sace ta a kan gado, wayarta a aljihun riga. Cikin barci ta ji ana shafa mata bayan kunne. Yatsu ne masu sanyi, suna bi a hankali daga kunne zuwa ƙarƙashin haɓa, su koma su bi gefen gashi. Ta buɗe ido kaɗan. Fuskar Inna na dab da tata, tabarau a kan hanci, ta tsuke baki irin na mai zura zare a allura. A ɗaya hannun tana riƙe da babban almakashinta na yankan yadi, bakinsa a buɗe.

Auta ta sandare. Duk abin da ta karanta a duniya ya bi iska. Ihun da ta saba yi tun tana yarinya ma bai fito ba.

"Kwanta abinki," in ji Inna, ba tare da ta dube ta a ido ba. "Bakin ɗinkin nake nema. Wanda ya yi aikin nan ya iya, ko zare ba a gani." Ta ja fatar da ke ƙasan kunnen da yatsa biyu. "Amma ba a rasa inda aka ƙulla. In na farke wuri ɗaya sauran zai bi."

Ƙarfen ya taɓa wuyanta. Sanyinsa ne ya sake ta. Ta mirgina ta ɗaya gefen ta faɗo ƙasa, ta rarrafa ta faɗa banɗaki ta danna sakata. Ta zauna a ƙasa ta tokare ƙofar da ƙafafu. Ta ƙasan ƙofa tana ganin inuwar ƙafafun Inna, tana jin ƙarar almakashi ana buɗewa ana rufewa, ƙyas, ƙyas, yadda Inna ke yi in tana tunanin ta inda za ta fara yanka.

Ta zaro waya za ta kira Yaya. Cikin gaggawa ba ta duba abin da take dannawa ba, ashe lambar Inna da ke sama ta taɓa. Sai ta ji waya na ƙara a falo. Inuwar ta gusa. Aka ɗauka.

"Auta?" Muryar Inna ce ta ainihi, wadda ta yi kwanaki ba ta ji ba, sai dai tana karkarwa. "Auta, ina kika shiga? Kar ki zo gidan nan yanzu, kin ji ko? Matar nan tana nan. Na rufe ta a banɗaki. Kar ki zo ta cuce ki, ni na tsufa, ba abin da za ta samu a jikina."

Auta ta toshe bakinta da hannu. Sai a lokacin ta gane cewa duk tsoron da take ji bai kai rabin na Inna ba. Tsohuwa ita kaɗai a gida da baƙuwa mai sanye da fuskar 'yarta, kullum, ba wanda ya yarda da ita. Ta haɗiye kukan, ta rage murya don kada a jiyo ta ta ƙofa.

"Inna, kwantar da hankalinki. Na san matar. Ni na aiko ta."

"Ke kika aiko ta?"

"Ni ce. Aiki ya riƙe ni, na ce ta zauna da ke ta riƙa yi miki girki. Kamar da muke yi ce ta sa na zaɓe ta, don kada ki yi kewa."

"Shi ne ba ki faɗa mini ba? Na kusa yi wa 'yar mutane illa!"

"Laifina ne, Inna, ki yafe ni. Ajiye almakashin a kan keke, kada ta ji tsoro."

Ta ji an ajiye ƙarfe a kan katako. Duk da haka ba ta fito ba sai da ta kira Yaya ya iso. Ya same ta a ƙasan banɗaki, ya ga ɗan jan layin da ke wuyanta. Ranar bai yi dariya ba. Shi da kansa ya bi gidan ya tattara almakasai da allurai da wuƙaƙe ya zuba a jakar kayan aikinsa, ya sa wa ƙofar ɗakin Auta sakata ta ciki.

Likitar da suka gani, wata dattijuwa mai magana a nutse, ta sa aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwa. Ta ce ciwon mantuwa ne na tsufa, kuma a wasu mutane yakan zo da haka. Ido yana gane fuskar, amma sanyin da zuciya ke ji in ta ga nata ba ya isowa, sai hankali ya nemi dalili, ya ce to ba ita ba ce. Kunne kuwa wani lokaci hanyarsa daban, shi ya sa murya ita kaɗai take wucewa. Ta ba da maganin da zai rage firgita, ta ce warkewa dai babu. "Kada ki yi musu da ita," ta ce wa Auta. "Ba za ki ci nasara ba, tsoro kawai za ki ƙara mata."

Yaya ya ɗauke Inna ya kai ta gidansa. Ba ta zauna ba. Ta ƙi ci, ta ƙi sha, ta tsaya a bakin ƙofa da ƙullin kayanta, wai Auta za ta dawo ta tarar ba ta nan. Dole aka mai da ita.

Haka Auta ta zama mutum biyu a gida ɗaya. A ciki ita ce matar da Auta ta aiko. Ta yi wa Inna wanka, ta yanke mata farce, ta amsa sunan baiwar Allah. In ta dawo daga aiki kuma, kafin ta shiga, sai ta zauna a kan matakala tsakanin hawa biyu, inda muryarta ba za ta kai ƙofa ba, ta kira waya. Maƙwabta suka saba tsallake ta. Inna takan kawo mata rahoto.

"Matar nan taki ba ta da laifi, tana da ladabi. Sai dai shayinta kamar ruwan wanki. Kuma tana kuka a kicin, ina jin ta. Ki tambaye ta ko mijinta ne."

"Zan tambaye ta, Inna."

"Ke kuma yaushe za ki zo? Aikin nan ba ya ƙarewa ne?"

"Na kusa."

Sai ta share fuska, ta hau sauran matakalar, ta yi sallama a amsa mata da muryar baƙi. Tsoro bai bar ta ba. Ba ta ƙara barci ƙofa a buɗe ba, kuma wani lokaci in ta farka takan ga marfin ƙofar yana motsi a hankali, ana gwada shi daga waje. Amma abin da ya fi cin ranta shi ne duk lokacin da wayar ke ƙara kafin a ɗauka. Takan riƙe numfashi, tana jiran ranar da za a ce mata, wa ke magana?

A wannan zangon karatu ne manhaja ta kawo su kan labaran da ake musanya wa mutum wani nasa, a wayi gari miji ko uwa ko ɗa ya zama wani abu dabam mai kama da shi. Darasin da ta fi ƙwarewa a kai ke nan, ta sha koyar da shi tana zolaya. Ta rubuta kan maganar a allo, ta juyo, sai ta kasa. Wani ɗalibi daga baya ya ce, "Malama, ko an musanya mana ke ne?" Aji ya fashe da dariya. Ta dafa tebur har suka yi shiru.

"Yawancin labaran nan," ta ce, "suna tsayawa ne a bayan wanda ya ga an canza masa nasa. Da shi muke jin tsoro. Yau ina so ku rubuta mini ɗaya gefen. Kai ne ka dawo gida, ba abin da ka yi, ba abin da ya canza a jikinka, aka dube ka aka ja da baya." Ta ɗauki jakarta ta fita, ta bar su suna kallon juna. Ba su taɓa ganin ta bar aji kafin lokaci ba.

Inna ta ƙara shekara biyu da wani abu. A ƙarshe ciwon ƙirji ya kwantar da ita a asibiti, ƙarfinta ya ƙare har ɗaga fatar ido ya gagare ta. Wata safiya Auta na zaune a gefen gadon tana jiƙa mata leɓe da auduga, ta manta kanta ta ce, "Inna, buɗe bakin kaɗan." Hannun tsohuwar ya lalubo nata ya riƙe. Idanun na rufe.

"Auta? Kin iso?"

"Na iso, Inna."

"Kin daɗe." Ta ja numfashi da ƙyar. "Ki sallami matar nan da kyau. Ta yi ƙoƙari."

Auta ta zauna a wurin ba ta motsa ba, tana addu'a a ranta kada idanun su buɗe. Ba su buɗe ba. Suka yi hira kaɗan-kaɗan har azahar, hannu cikin hannu. Washegari Inna ta cika.

Yanzu Malama Fatalwa ta yi furfura, ta kusa ajiye aiki. Littafin da ta daɗe tana rubutawa a kan tarihin labaran ban tsoro ya fito, ɗalibai na yawo da kwafinsa. 'Yar Yaya ta biyu, wadda ke karatun aikin jinya, ita ke zaune da ita. Kwanakin baya da rana Auta ta gama girki ta leƙo falo za ta kira ta. Yarinyar na kwance a doguwar kujera tana karatu, ta ɗago ta yi murmushi. Auta ta buɗe baki, sunan bai zo ba. Ta san fuskar, ta san rigar, amma wurin da sunan yake zama fayau. Bai fi ƙiftawar ido ba ya dawo. Yarinyar ba ta lura ba, ta mai da kai kan littafinta.

Auta ta koma kicin ta dafa bakin tukunya, ba ta ma ji zafinsa ba. Sannan ta ɗauko faranti biyu, ta ɗaga murya ta kira sunan da ƙarfi, ta ce a zo a ci abinci kafin ya huce.